'Ya'yan Rimi da Dashen Haya

Shagona na walda yana kallon rimin ne, titi kawai ya raba mu. Tun ina yaron shago nake ganinsa, har na saba da shi na daina lura. Sai baƙo ya sauka daga mota ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, sannan nake tunawa cewa abin da muke zaune a gindinsa ba ƙaramin abu ba ne. Saiwoyinsa sun taso daga ƙasa kamar katangu, tsakanin kowace biyu akwai lungun da zai ɗauki mutum da sana'arsa. Mai aski yana da lungunsa, mai gyaran takalmi yana da nasa, akwai kuma wanda tsofaffi ke zama su wuni suna gyara duniya da baki.

Wata shekara wasu mutane suka zo daga jami'a da igiyar awo da wata na'ura mai ƙafa uku. Suka wuni suna zagaye shi suna rubuce-rubuce. Da yamma shugabarsu ta tara mu ta ba mu labari biyu. Na farko, a duk itatuwan da suka auna a yankin nan babu mai kaurinsa, babu mai tsawonsa. Muka hau tafi kamar mu muka shuka shi. Na biyu, cikinsa ya ruɓe sosai, ba zai daɗe a tsaye ba. Idan muna so jikokinmu su ga irinsa, to mu tara 'ya'yansa mu fara reno tun yanzu.

Yawancinmu labarin farko muka tafi da shi gida. Sista ce ta riƙe na biyun.

Sista ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Rabin unguwar ta taɓa tsira musu allura, sauran rabin ita ta karɓi haihuwarsu, shi ya sa babu mai iya ɗaga mata murya. Gajera ce mai saurin tafiya, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Da ƙwansunan rimin suka fara fashewa auduga na tashi, ta ɗauki buhu ta shiga tsinta. Ta zauna a tsakar gidanta ta ware baƙaƙen 'ya'yan daga cikin audugar, sannan ta bi gida-gida tana rabawa. Kowa ya nemi gwangwani ya huda gindinsa, ya zuba ƙasa mai taki, ya shuka.

Duk wanda ya karɓa ya ɗauko wa kansa aiki, don sai ta zo dubiya. Tana sallama za ka ji ta ce, "Ina majinyacina? A fito mini da shi in gani." Ta taɓa samun nawa ya yi yaushi saboda na ajiye shi kusa da inda nake ƙona ƙarfe. Ta dube ni, ta dubi gwangwanin.

"Mai Walda, kai ma haka aka rene ka? A bakin wuta?"

Tun daga ranar na mayar da shi bayan shago, ina ba shi ruwa kafin in sha nawa.

Ciyaman ƙanin Sista ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba malalaci ba ne. Shi ya yi ta sintiri ofis-ofis har aka ba mu filin da ke bayan makarantar firamare domin dashen. Sai dai mutum ne mai son lasifika, kuma in ya ga babban mutum jikinsa har rawa yake.

Kafin damina ta kama, duk ranar hutu muna filin nan da diga da shebur. Ƙasar wurin tauri gare ta kamar kankare. Mai aski ya yi kanta a hannu har ya kasa riƙe almakashi, tsofaffin gindin rimi ma sun zo, ko da yake yawancin aikinsu nuna mana inda muka yi kuskure ne. Ni kuma na tattara guntayen rodi da ragar waya na haɗa keji-keji saboda awaki. Dashen ya yi kyau a gidaje. Wani ya kai gwiwa, wani ya kai ƙugu, wani ɗan tsurut, kowa dai yana alfahari da nasa. Aka tsayar da ranar da za a dasa.

Ana saura kwanaki kaɗan Ciyaman ya zo shagona, ya tarar da Sista tana duba kejin. Fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Yaya, Allah ya kawo mana mataimaka. Wani kamfanin fenti ya ji labarin riminmu, suna so su ɗauki nauyin taron. Rumfuna, kujeru, riguna, har 'yan talabijin za su zo."

"Wane nauyi ya rage?" in ji Sista. "Rami mun haƙa, dashe mun rena. Kujera za a dasa?"

"Haba Yaya, ai duniya ya kamata ta sani."

"Me suke so a wurinmu?"

"Babu komai. Hoto kawai."

Ta ɗan dube shi yadda take duban yaron da ya ce ya shanye maganinsa. 

Jajibirin taron na buɗe shago da safe, sai na ji warin fenti ya cika titi. Na ɗaga kai na dubi rimin. Wasu samari ne da burushi da bokitai suna shafe saiwoyin rimin, wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa, launin kamfanin ke nan. Sun kori mai aski da mai gyaran takalmi daga lungunansu. Sun riga sun kai iya tsayin mutum a tsani. Itacen da ya girmi kakannin kakanninmu aka mayar kamar shagon sayar da katin waya.

Na aika aka kira Sista. Ta iso ko takalmi ba ta sa daidai ba. Ta ƙwace burushi daga hannun ɗaya ta yi jifa da shi cikin kwata.

"Uban wa ya sa ku?"

"Hajiya, aiki aka ba mu. Shugaban unguwa ya sa hannu."

Kafin ta rufe baki ga Ciyaman nan da waya a kunne. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ado ne kawai, ruwan sama zai wanke. Na ce masa fentin mai ne, irin wanda nake shafa wa ƙofofi, ruwan sama ba ya yi masa komai. Ya harare ni ya ce ba da ni yake magana ba. Sista ta tsaya tana huci. Na ga ta haɗiye abin da ke bakinta, saboda gobe dashe, ba ta so a watse kafin a sa itatuwan a ƙasa. Samarin dai ba su ƙara shafa ko ɗigo ba, amma aikin gama ya riga ya gama.

Ranar taro muka fito tun da sassafe. Abin gwanin sha'awa, wallahi. Mata da gwangwanaye a ka, maza da baro, tsofaffi kowa ya rungume nasa a ƙirji. Muka iso filin muka tarar an kafa rumfuna, an jera kujeru, kiɗa na tashi. A bakin kowane ramin da muka haƙa kuma an riga an ajiye dashe a baƙar leda, dogaye, kansu ɗaya kamar an yanka da reza, ganyensu na sheƙi. Ko makaho ya shafa ya san ba rimi ba ne. Irin itacen adon nan ne da ake jerawa a ƙofar otal.

Wata budurwa mai rigar kamfani da wayoyi biyu a hannu ta tare mu.

"Sannunku, sannunku. Waɗannan a kai su bayan katanga tukuna."

"Saboda me?" in ji Sista.

"Mama, ba za su yi kyau a hoto ba. Dubi gwangwanayen duk tsatsa, kuma wani dogo wani gajere. In an gama sai ku yi naku."

"Namu? To wannan taron na wane ne?"

Budurwar ta riga ta juya tana amsa waya. Ciyaman ya ɓullo cikin sabbin kaya yana gumi, ya kama hannun yayarsa yana magiya ƙasa-ƙasa. Baƙi sun kusa, kada ta kunyata shi, awa ɗaya ce kawai. Mutane suka fara kallon juna. A ƙarshe muka kwashi dashenmu muka jera a bayan katangar makaranta, inda ake zubar da shara, muka dawo aka raba mana riguna. Har yau ina jin haushin kaina da na sa rigar nan.

Baƙi ba su iso ba sai da rana ta take. Aka zaunar da su a gaba, aka ba su ruwan sanyi. Sista tana can layin baya kusa da janareta. Babban baƙo ya yi jawabi a kan yadda kamfaninsu yake ƙaunar muhalli. Daga nan aka miƙa wa Ciyaman lasifika. Ya gode wa kamfani, ya gode wa manaja, ya gode wa mataimakin manaja, ya gode wa 'yan jarida. Ya ce kamfanin ne ya farkar da unguwarmu daga barci. Sannan ya nuna dashen ledar nan da hannunsa, a gaban kyamara, ya ce, "Waɗannan da kuke gani 'ya'yan babban riminmu ne, su za su gaje shi."

Mai aski da ke kusa da ni ya ce, "Kai! Yaushe rimi ya haifi wannan?" Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na waiwaya na ga Sista ta zauna ƙiƙam, hannuwanta a kan cinya, ko ƙifta ido ba ta yi.

Aka ba babban baƙo shebur mai ƙyalle a wuya. Ya zuba ƙasa sau biyu, aka ɗauki hoto. Ya riƙe butar ban-ruwa, aka ɗauki hoto. Ma'aikatansu suka zura sauran dashen a ramuka cikin sauri, suka tura ƙasa da ƙafa, kyamara ta bi layi ta ɗauka. Motoci suka tashi. Duka-duka abin bai kai tsawon jiran da muka yi musu ba.

Mutane suna cikin neman inuwa sai na ga ma'aikatan sun koma kan ramukan. Na ɗauka gyara za su yi. Sai na ga ɗaya ya kama dashe ya fizgo shi, ya fito da ledarsa cif, ko yagewa ba ta yi ba. Ya karkaɗe ƙasar ya miƙa wa na kusa da shi. Haka suka bi layi suna tugewa.

Na ce, "Malam, lafiya? Me kuke yi haka?"

"Mayarwa za mu yi. Na haya ne. Jibi akwai wani taron a wata unguwa."

Ya faɗa ne hankalinsa kwance, kamar mai kwashe kujeru. Ban gama haɗiye wannan ba sai muka ji ƙara daga bayan katanga, ƙarar gwangwani yana lotsewa. Motar da za ta kwashi kayansu ce take ja da baya, direban bai ko leƙa ba. Mata suka sa ihu. Kafin ya taka birki tayar baya ta bi ta kan layi guda na dashenmu.

Muka ruga. Gwangwanaye sun baje, ƙasa ta watse, 'yan itatuwan sun karye sun manne da taya. Wata tsohuwa, kakar mai gyaran takalmi, ta durƙusa tana tattara nata. Ta gane shi ne da zaren da ta ɗaura masa. Wata da watanni tana raba ruwan da take saye da shi. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe karyayyen a hannu tana juya shi.

Sista ta zagaya ta tsaya a gaban motar, ta dafa ƙarfen gaba da hannu ɗaya.

"Kashe ta."

Direban ya leƙo. "Mama, ki yi haƙuri, ban gani ba. Sauri muke."

"Na ce ka kashe ta. A kira mini Ciyaman."

Ya kashe. Aka nemo Ciyaman daga inda ya raka baƙi, ya taho yana murmushi, bai san abin da ake ciki ba. Da ya ga taron da fuskokin mutane, murmushin ya bushe.

"Yaya, mu je gida mu yi magana."

"A nan ka yi ƙaryar, a nan za mu yi maganar. Ka san na haya ne?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Amma ki saurare ni. Sun yi alkawarin gyara mana famfon unguwa. Shekara nawa matan nan suna wahalar ruwa? Na ga ba abin da za mu rasa. Su yi hotonsu su tafi, mu dasa namu, mu sami ruwa. Laifi ne?"

"Ka tambaye mu?"

"Da na tambaya da kin ƙi."

"To ka san zan ƙi, shi ya sa ka ɓoye. Ruwa muna so, babu wanda ba ya so. Da ka tara mu ka ce ga abin da suke nema, ga abin da za su bayar, da mun zauna mun duba. Wataƙila ma a rinjaye ni. Amma ka ɗauki gumin mutane ka kai kasuwa ba da saninsu ba. Ka sa an shafe itacen nan kamar bangon ban-ɗaki. Ka sa tsofaffi sun ɓoye abin da suka rena a bola, wai zai ɓata hoto. Sannan ka tsaya da bakinka ka ce wa duniya waɗancan ne 'ya'yansa." Ta nuna tsohuwar da ke durƙushe. "Je ka gaya mata babu abin da aka rasa. Je ka, ga ta nan."

Bai je ba. Ya tsaya yana murza wayarsa, yana kallon ƙasa.

"Ni na goya ka," in ji ta. "Ban taɓa jin kunyar hakan ba sai yau."

Ta saki motar ta ce wa direban ya kwashe tarkacensu ya ba mu wuri. Ta tuɓe rigar kamfanin da ta ɗora a kan kayanta ta jefa a bayan motar. Na tuɓe tawa na jefa. Ba kowa ya bi mu ba, wasu sun naɗe nasu sun sa a hammata, riga ce sabuwa.

A ranar muka dasa abin da ya rage, cikin zafin rana, babu kiɗa babu lasifika. Sai da muka sake buɗe ramukan, don ƙasar da suka tura da ƙafa ta cike su. Sista tana bin kowa tana faɗa, a yanka gwangwani a hankali, kada a taɓa saiwa, a danna ƙasa da tafin hannu. Ni ina bin baya ina kafa keji. Ramukan dashen da mota ta taka suka zauna babu komai. Tsohuwar nan ta ƙi tafiya gida sai da aka ba ta ɗaya daga cikin na Sista ta dasa da hannunta.

Kwana biyu bayan haka aka nuna taron a talabijin. Ga filinmu shar da itatuwan haya, ga babban baƙo da shebur, ga Ciyaman yana jawabi. Mu kuma an nuno mu daga nesa muna tafi cikin riguna iri ɗaya. Matata ta ce in ci abinci, na ce ya fita raina.

Fentin kuwa mun gwada kankare shi, muka ga ɓawon ne ke biyo wuƙa, muka bari. Mai aski ya koma lungunsa, yanzu shuɗi ne, ya ce duk wanda ya zauna aski sai ya tambaye shi ko an sayar da itacen ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne taron ƙungiya da aka yi daga baya. Na miƙe na ce a sauke Ciyaman. Mai aski ya goyi bayana, mata da yawa ma haka. Amma kafin ranar kamfanin ya turo an gyara famfon, ruwa yana zuwa. Sai ga mutanen da suka haƙa rami tare da mu suna cewa a bar maganar, ai mutumin ya yi ƙoƙari, itace dai itace ne. Aka ɗaga hannu, ya ci gaba da zama a kujerarsa.  Da aka tashi na tari Sista na ce mata, "Sista, kin ga mutanenmu ko?" Ta ce, "Na gani. Gobe kai ne da ban-ruwan layin gabas, kada ka makara."

Famfon ya yi wata uku ya sake lalacewa. Kamfanin bai ƙara ɗaga wayar Ciyaman ba. Da baro da jarkoki muka fitar da itatuwan nan daga rani, wasu sun mutu, mafi yawa sun kama. Yanzu akwai waɗanda suka fi ni tsawo, jikinsu duk ƙaya. Babban rimin kuma ya yar da wani ƙaton reshe a daminar da ta wuce, Allah ya kiyaye babu kowa a ƙasa. Kowa ya leƙa ya ga cikinsa, rami ne baƙi ƙirin.

Sista ta daina taka gidan ƙaninta. In sun haɗu a hanya ya gaishe ta, takan amsa a taƙaice ta wuce. Ya aiko dattawa, ta ce ba ta da faɗa da kowa, amma sai ya tsaya a gaban mutanen da ya yi wa ƙarya ya faɗi gaskiya da lasifikar da ya yi ƙaryar. Har yau bai yi ba.

Sau ɗaya ta sake taka gidan, ranar da naƙuda ta kama matarsa da hantsi, abin ya zo da gardama, motar asibiti kuma ba ta iso ba. Ni na ɗauko Sista a babur daga filin dashe, da laka a ƙafarta. Ta shiga ɗakin ta rufe ƙofa. Muka tsaya a waje da Ciyaman, yana ta safa da marwa, ya kasa ko kallona. Can muka ji kukan jariri. Da ta fito tana goge hannu, ya tare ta idonsa jawur.

"Yaya, na gode. Allah ya saka miki."

"Mace ce, lafiyarta lau, uwar ma haka. A kai su asibiti a duba su duk da haka."

"Yaya, ki zauna ko ruwa ki sha."

"Ba wurinka na zo ba," ta ce. Ta juyo gare ni. "Mai Walda, tayar da babur ɗin, na bar bokitina a fili."